Zaton da Kake Yi wa Ubangiji: Yadda Ake Bincikensa ta Mafarki, Labari da Zane

Ɗaliban tauhidi suna da wata magana da suke haddacewa tun suna yara: duk abin da ya ɗarsu a ranka, Allah ba haka yake ba. Maganar daidai ce, kuma a cikinta an yarda cewa akwai abin da yake ɗarsuwa. Wani idan ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ji yake kamar yana gaban alƙalin da ya riga ya yanke hukunci. Wani kuwa ji yake kamar yaron da ya dawo gida da yunwa ya tarar an ajiye masa tuwo a rufe. Sahu ɗaya suke bi, abu ɗaya suke karantawa, amma abin da ke cikin ƙirjinsu ya sha bamban. Wannan abin na cikin ƙirji shi ne ake bincika a nan. Ubangiji ba a zana shi, ba a kamanta shi da komai. Zaton da bawa yake yi masa kuwa na bawa ne, yana da tarihi, kuma ana iya gano inda ya samo shi.

Hanyar wannan bincike ta fito daga ƙasar Suwizalan, wurin Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa kuma ɗan limamin coci, wanda aka haifa a 1875 ya rasu a 1961. Bayan ya raba gari da babban abokin aikinsa, likita Sigmund Freud, a 1913 ya shiga ruɗani mai tsanani, sai ya fara rubuta mafarkansa da abin da yake gani a zuci, daga baya ya kwafe su da zane-zane a wani babban kundi mai bangon jar fata, wanda ba a buga shi ba sai 2009. Ya sha nanata cewa a matsayinsa na likita abin da yake iya dubawa shi ne surar da ke cikin ran ɗan Adam, maganar zatin Allah ta fi ƙarfin iliminsa. Ba dole ne ka yarda da duk ra'ayinsa ba, domin malaman addini na Kirista da na Yahudu sun yi masa raddi tun yana raye. Dabarun aikinsa ne muke ɗauka. A 1979 wata likita a Amurka, Ana-Maria Rizzuto, ta fitar da bincikenta a kan marasa lafiyar da ta sa suka bayyana iyayensu suka kuma bayyana yadda suke jin Allah, ta nuna cewa sau da yawa na biyun yana ɗauke da kamannin na farkon. Wanda ya tashi a hannun uban da ba a taɓa burge shi ba zai iya yin shekara arba'in yana ibada da jin cewa ba a karɓa.

Kayan aiki da lokaci

Ka tanadi littafin rubutu guda ɗaya wanda ba za a yi komai da shi ba sai wannan, mai bango mai kauri ya fi. Sai biro biyu, baƙi da ja, da ƙaramar tocila, da fararen takardu marasa layi kamar talatin, da fensir mai launi goma sha biyu. Littafin da biro su kwana inda hannunka zai kai ba tare da ka tashi ba. Kada ka yi rubutun a waya: kafin ka buɗe ta saƙo uku sun shigo, mafarkin ya tafi.

Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, kuma ɓangaren da aka fi yin mafarki mai tsawo a cikinsa yana ƙaruwa ne a goshin asuba. Shi ya sa mai tashi sallar asuba yake da sa'a, yana farkawa daidai lokacin. Wanda yake kwana awa huɗu kacal kuwa yana yanke mafi yawan mafarkinsa, don haka idan littafi ya yi mako biyu fayau, lokacin kwanciya za a fara gyarawa. Da ka farka kada ka juya. Ka tsaya a yadda kake, ido a rufe, ka kama abu na ƙarshe da ka gani, ka bi shi baya-baya kamar mai warware zare. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa. Sannan ka rubuta kafin ka yi magana da kowa. Idan lokacin salla ya ƙure, rubuta kalmomi biyar kawai, misali rijiya, kawu, babu guga, sanyi, kunya, ka cika sauran bayan ka idar.

Ka rubuta da baƙin biro a shafin dama, kamar abin yana faruwa yanzu: ina tsaye, ina gani, yana cewa. Ka sa kwanan wata. A ƙasa ka ƙara layi biyu, abin da ka ji a jikinka da ka farka, da abin da ya fi damunka jiya. Shafin hagu ka bar shi fari, nan jan biro zai yi aiki daga baya. Kada ka gyara mafarki don ya yi ma'ana. Idan gidan na Kano ne amma a cikinsa akwai kogi, haka za ka rubuta.

Ba kowane mafarki ne abin aiki ba

Hadisi ya kasa mafarki gida uku: na ƙwarai wanda bushara ce daga Allah, da na baƙin ciki daga Shaiɗan, da wanda zancen zuci ne. Mafi yawan abin da zai shiga littafinka na ukun ne, kuma shi ne ya fi amfani a nan, tunda zuciyarka ake so a ji me take faɗi idan ba ka tsare ta ba. Mummunan mafarki yana da nasa ladabin, na neman tsari da sauya gefen kwanciya da rashin ba da labarinsa, kuma wanda ya zaɓi ya bar irin wannan bai rubuta ba bai ɓata aikin ba. Akwai kuma wanda jiki ne kawai yake magana. Zazzaɓi yana kawo mafarki mai ruɗani. Wasu magunguna, irin su mefloquine na zazzaɓin cizon sauro da efavirenz na cutar HIV, an san su da sa mafarki mai ƙarfi, haka ma barin shan wiwi bayan an saba. Dannau, wato ka farka jiki ya ƙi motsi kana jin an danne ka, likitoci suna bayyana shi da cewa ƙwaƙwalwa ce ta farka kafin jijiyoyin motsi su saku. Ka sa wa irin waɗannan alama a gefe, kada ka gina komai a kansu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fassara mafarki ɗaya tak. A shekarun 1930 masanin kimiyyar nan Wolfgang Pauli, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1945, ya je wurin Jung rayuwarsa a hargitse. Jung ya tura shi wurin wata ƙaramar likita don kada ra'ayinsa ya shiga cikin mafarkan mutumin, sannan ya zauna ya duba guda 400 a jere. Abin da ya fito bai fito a mafarki ɗaya ba, a maimaituwa ya fito: da'ira, da abu mai kusurwa huɗu, da neman tsakiya. Kai ba ka buƙatar ɗari huɗu, amma kada ka ɗauki jan biro sai ka tara ashirin. Ga mai tunawa sau uku ko huɗu a mako, wannan kusan kwana arba'in ne.

Aikin jan biro

Idan sun kai ashirin, ware awa ɗaya ka karanta su a zama guda. Abu uku kake nema. Na farko, wanda ya fi ka iko a mafarkin: sarki, malami, soja, tsoho, uwa, likita, murya daga bayan labule. Na biyu, wurin da ya sa ka yi shiru ko tsigar jikinka ta tashi: dutse, teku, fili marar iyaka, ɗaki mai haske. Na uku, yadda ake yi da kai: ana kiranka, ana korarka, ana jarraba ka, ana ciyar da kai, ko an manta da kai. Ka ja layi a ƙarƙashin kowanne, ka ƙirga. Abin da ya zo sau uku ko fiye shi ne za ka tsaya a kansa.

A ɗauka wani ya rubuta haka: ina tsaye a zauren wani babban gida, akwai tsoho a zaune da rajista a cinyarsa, yana bin sunaye da yatsa, bai ɗago ba, na faɗi sunana sau biyu, ya ci gaba da juya shafi, takalmina ɗaya ya ɓace. Jung yana raba mafarki kashi huɗu kamar wasan kwaikwayo: wuri da mutane, yadda abu ya fara tafiya, inda ya kai maƙura, da yadda ya ƙare. A nan wurin zaure ne, ba ciki ba waje. Maƙurar ita ce faɗin suna sau biyu. Ƙarshe kuwa babu shi, kuma rashin ƙarshen abin rubutawa ne. Sai ka ɗauki kowane abu ka bayyana shi kamar kana yi wa wanda bai taɓa ganinsa ba. Mene ne rajista? Littafin da ake rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba. A ina ka san ta? A firamare, a hannun malamin da yake kiran suna da bulala a kan tebur. Ka tsaya nan. Kada ka bar tunani ya yi ta tsalle daga malami zuwa makaranta zuwa abokai zuwa ƙwallo, domin kowane tsalle yana nisanta ka da tsohon. Duk abin da ya zo, ka dawo da shi kan rajistar.

Bayan haka sai tambaya guda, wadda za ka rubuta da ja a shafin hagu: lokacin da nake addu'a, ina jin kamar ina gaban wannan? Idan amsar e ce, ka samo wani yanki na zatonka, ka kuma san daga inda ya zo. Tsohon ba Allah ba ne, kuma ba wakilinsa ba ne. Rigar aro ce da tsoronka ya sa wa alaƙarka da Allah. Mai addini yana da ma'aunin da zai gwada wannan da shi, wato abin da addininsa ya koyar. Musulmi zai tuna hadisin da Allah yake cewa yana nan inda bawansa yake zatonsa, ya kuma duba cikin kyawawan sunaye waɗanne ne suke zuwa bakinsa kullum, waɗanne ne ya daɗe bai kira ba. Kirista zai duba ko kalmar Uba da yake faɗi a addu'a tana ɗauke da fuskar uban da ya haife shi.

Neman ɗan'uwan mafarki a cikin labari

Wani lokaci abin da ya zo ba shi da alaƙa da rayuwarka ko kaɗan, ka juya shi ta ko'ina babu abin da ya tuna maka. A nan ake neman labarin da yake da irin wannan siffa, a ga yadda labarin ya ci gaba daga inda mafarkinka ya tsaya. Ka fara da labaran da ka sha da nono, kafin na Girka ko na Indiya. Wanda ya yi mafarkin rijiyar da aka hana shi ɗiba yana da Kusugu ta Daura, da macijin da yake hana ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya zo da dare ya nemi guga. Tambayar da labarin zai ba ka ita ce: a rayuwarka wa ya tsare bakin rijiyar, kuma wace rana ce kawai ka yarda ka cancanci ruwa? Wanda ya ga wani abu ya haɗiye shi yana da tatsuniyoyin Dodo, inda waɗanda aka haɗiye sukan fito da rai idan an farke cikin.

Jung da kansa ya yi irin wannan aiki da ƙissar Annabi Musa da bawan Allah da ke cikin Suratul Kahfi, wanda hadisi ya kira Khidir, Hausawa ke cewa Halliru. Ya ce wani Basomale da ya jagoranci ayarinsa a Kenya a 1925 ya ba shi labarin yadda Khidir yake zuwa wa mutane. Ƙissar tana da amfani ga wanda mafarkinsa yake cike da hukuncin da bai gane dalilinsa ba: jirgin da aka huda, yaron da aka kashe, bangon da aka gyara wa mutanen da suka hana baƙi abinci, da bayanin da bai zo ba sai a wurin rabuwa. Sai dai a kiyaye, ƙissar Alƙur'ani wahayi ce ga Musulmi, ba a sa ta a kwando ɗaya da Gizo da Ƙoƙi, kuma abin da Jung ya karanta a cikinta ba tafsiri ba ne. Labari ɗaya ko biyu sun isa ga mafarki guda. Wanda ya tara goma ya koma nazarin adabi, mafarkin yana can a zaure yana jira.

Zane

Akwai abin da rubutu ba ya kamawa, nan takarda da launi suke shigowa. A zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da Jung yake shugabantar wani sansanin sojojin Ingila da aka tsare a Suwizalan, kullum da safe yakan zana ƙaramar da'ira a littafinsa, ya lura cewa kamanninta yana sauyawa da halin da ya tashi da shi. Irin wannan zane ake kira mandala, kalmar da take nufin da'ira a tsohon harshen Indiya.

Ka kifa murfin kwano mai faɗin kamar santimita 18 a tsakiyar takarda, ka zagaye shi da fensir. Ka karanta mafarkin sau ɗaya, ka rufe littafin. Ka ɗauki launin da hannunka ya fara kaiwa, ka fara daga inda ka ga dama, ciki ko gefe. Minti ashirin, ba gogewa, ba ruler. Ba sai ka zana mutum ko dabba ba, kuma wanda addininsa ya hana shi zanen mai rai bai rasa komai ba: nauyi, duhu, haske, ƙunci da sarari duk suna fitowa da launi da layi, kamar yadda masu zayyanar allo da masu adon bangon gidajen Zariya da Damagaram suke cika fili ba tare da fuska ko ɗaya ba. Kada ka rubuta sunan Allah ko aya a takardar gwaji da za ta iya ƙarewa a shara. In ka gama, rubuta kwanan wata da lambar mafarkin a baya, ka jingine ta a bango, ka ja da baya taku uku. Me ke tsakiya? Ko tsakiyar fayau take? Ina aka danna fensir har takarda ta kusa hujewa? Wane launi ne cikin goma sha biyun bai taɓa fitowa ba? Zane biyu a mako sun isa. Bayan guda goma ka shimfiɗa su a ƙasa bisa jerin kwanan wata, sauyin yana bayyana ne a jere, kamar na mafarki.

Masu iya zane su suka fi shan wahala a nan, domin hannunsu yana neman kyau. Idan kana cikinsu, yi da hannun da ba ka saba ba.

Akwai mataki na gaba, wanda ake zama a farke a dawo da surar mafarkin a zuci, a yi mata tambaya ɗaya, a jira amsa, a rubuta. Ga mai mafarkin zaure, tambayar tana iya zama: me kake nema a littafin? Minti goma sha biyar da rana, a zaune, ba a kan gado ba. Ba a yin sa da surar wanda ka sani yana raye, ba a kuma ɗaukar amsar a matsayin umarni. Ana gardama da ita kamar yadda ake yi da kowa. Jung ya gargaɗi mutane cewa wannan matakin yana da haɗari ga mai rauni a ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa samun taɓin hankali, ko yake jin muryoyi, ko yake cikin sabon rashi, ko matar da ba ta daɗe da haihuwa ba, su tsaya a rubutu da zane.

Inda abin yake lalacewa

Babbar cutar wannan aiki ita ce girman kai. Mutum ya yi mafarki mai haske sau biyu, sai ya fara jin an zaɓe shi, ya fara yi wa mutane bushara, ya raina malaminsa. Alamarta ita ce ka ji kana so kowa ya ji. Maganinta aikin hannu da shiru: shara, noma, wanki, da kwana bakwai ba ka gaya wa kowa ba. Annabi Yakubu ma cewa ya yi da Yusufu kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. Idan za ka nuna wa wani, mutum ɗaya ya isa, mai riƙon sirri wanda zai yi tambaya maimakon ya yanke fassara. Mafarki kuma ba ya halatta haram, ba a sakin mace ko zargin maƙwabci da maita a kansa.

Ta biyu ita ce gudu zuwa littafin fassara. Irin waɗanda ake sayarwa a bakin masallaci da sunan Ibn Sirin suna neman abin da zai faru gobe, kai kuwa kana neman abin da ke ranka yau, kuma maciji ga ɗan Daura daban yake da maciji ga wanda aka sara yana yaro. Ta uku ita ce ka ɗauki kowane mafarki a matsayin tabbacin abin da ka riga ka yarda. Jung yana ganin mafarki yakan kawo abin da hankalin farke ya yi watsi da shi, don haka mai tsananin tsoro yakan ga ana ba shi ruwa, mai sakaci yakan ga ana kiran suna. Idan fassararka ba ta ɗan ba ka mamaki ba, sake duba ta.

Ka dakata gaba ɗaya ka ga likitan ƙwaƙwalwa idan barcinka ya ragu ƙwarai kwana uku a jere ba ka jin gajiya, ko surar ta fara yi maka magana ba ka kira ta ba, ko mafarki ɗaya na wani tashin hankali da ka taɓa gani yana dawowa yadda yake ba sauyi. Wannan na ƙarshen yana da nasa magani daban, kuma tona shi kai kaɗai yana iya ƙara shi.

Bayan wata uku ka ɗauki takarda ɗaya ka cika jimloli uku: a da ina jin kamar ina gaban wa, na samo wannan daga wurin wa, addinina kuma me ya ce. Ka naɗe ta ka sa a bayan littafin tare da zanen, a cikin jaka ko akwatin da yake da makulli, ka buɗe sabon shafi da kwanan watan gobe.